Fashin Baƙi: Shin Sabar Kundin Ma'aikata Za Ta Iya Sa Manhaja Ta Ji Hausa?

Tun da hukumomin Nijar suka fitar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wata tambaya ta riƙa tasowa: yaushe manhajojin ofis, na jami'a da na banki za su fara yi wa mutane magana da Hausa? A wajen wasu masu kula da kwamfutocin ma'aikatu amsar a shirye take. Sai ka ji an ce ai akwai sabar kundi, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata, can za a shiga a kunna harshen, sauran manhajoji duk su bi. Shugaban ma'aikata kuwa, da jin haka, sai ya ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take ruɗarwa. Sabar kundi tana da rawar da take takawa a aikin, kuma rawa ce babba, amma ko kalma ɗaya ba ta fassarawa.

Mece ce sabar kundi?

Duk wanda ya taɓa aiki a inda sunan shiga ɗaya da kalmar sirri ɗaya ke buɗe masa kwamfutar ofis, imel, da shafin ganin albashi, to ya yi hulɗa da sabar kundi ko bai sani ba. Rumbu ne na tsakiya da ke riƙe da bayanan mutanen ma'aikata: suna, sashe, muƙami, lambar waya, adireshin imel, da ƙofofin da aka yarda mutum ya shiga. Manhajoji ba sa ajiye nasu jerin daban-daban. Kowace takan aika wa kundin tambaya, ya ba ta amsa.

Asalin abin daga kamfanonin tarho ne. A 1988 hukumar sadarwa ta duniya ta fitar da tsarin X.500, da burin a samu littafin lambobin waya guda na duniya baki ɗaya. Tsarin ya yi wa kwamfutocin lokacin nauyi, sai masana, cikinsu har da Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka, suka fito da hanya mai sauƙi ta yi masa tambaya a 1993. Ita ce LDAP. A yau ita ce yaren da OpenLDAP ke ji, wadda aka fara a 1998, da 389 Directory Server ta kamfanin Red Hat, da kuma Active Directory ta Microsoft da ta fito tare da Windows 2000, wadda ita ce mafi yawan ofisoshi ke amfani da ita.

An ƙera kundin ne don a riƙa karanta shi sau dubbai, a riƙa canza shi jefi-jefi. Wannan hali nasa shi ne tushen gardamar da za mu zo kanta a gaba.

Ayyukan da ake cakuɗawa

In aka ce manhaja tana jin harsuna da yawa, abubuwa daban-daban ake nufi, kuma ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Akwai rubutun fuskar manhajar, wato maɓallan "shiga", "aika", "an samu matsala" da makamantansu. Wannan aikin masu fassara ne, kuma galibi yana cikin fayilolin da ke tafiya da manhajar, kamar fayilolin gettext da manhajojin Linux ke amfani da su. Akwai sanin wane harshe wannan mutumin da ya shigo yake so. Sannan akwai bayanan kansu: sunan mutum, sunan sashensa, sunan garinsa, waɗanda kan iya samun rubutu fiye da ɗaya.

Biyun ƙarshe su ne gonar sabar kundi. Kamar ɗakin kati ne a asibiti: katin zai iya nuna cewa wannan mara lafiya Hausa kaɗai take ji, kuma ga yadda ake rubuta sunanta daidai, amma in ta shiga wurin likita babu tafinta, katin ba zai buɗe baki ya yi mata magana ba.

Gurbin da ke faɗin harshen mutum

A watan Afrilu na 2000 aka wallafa tsarin da ake kira inetOrgPerson, wanda ya jera guraben da bayanin ma'aikaci zai ƙunsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne preferredLanguage, gurbin harshen da mutum ya fi so. Yadda ake cika shi iri ɗaya ne da yadda burauza ke gaya wa shafin intanet harshen mai ita. Ga misali na ma'aikaciya a Maraɗi:

preferredLanguage: ha-NE, ha;q=0.9, fr;q=0.6

Ma'anarsa: a ba ta Hausar Nijar, in babu, kowace Hausa ta samu, in ita ma babu, a koma Faransanci. "ha" ita ce alamar Hausa a tsarin ƙasa da ƙasa, NE Nijar, NG Nijeriya, GH Gana. Lambobin da ke bayan q suna nuna fifiko, daga 0 zuwa 1.

Amfanin wannan a fili yake. In babu shi, mutum zai shiga kowace manhaja ya nemo inda ake canza harshe, kuma wurin canzawar ma a harshen da ba ya ji aka rubuta shi. Da shi kuwa, sau ɗaya za a rubuta, manhajar karatu irin Moodle ta ɗauko, shafin albashi ya ɗauko, saƙon tunin canza kalmar sirri ma ya zo da harshen da ya dace. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato: lokacin da na'ura ke aika imel da tsakar dare babu burauzar da za ta tambaya, kundin ne kaɗai ya san harshen mai karɓa. Sababbin hanyoyin shiga irin su OpenID Connect na 2014 su ma suna da gurbin harshe, kuma a ma'aikatu da dama daga kundin ake cika shi.

Sai dai gurbin ba ya tilasta wa kowa. Manhajar da ba a rubuta ta don ta duba shi ba, ba za ta duba ba. Wadda ta duba kuma ta tarar da "ha" alhali ba ta da fassarar Hausa, za ta koma Turancinta shiru, ba wanda zai san ta ma duba. Akwai kuma wadda ba ta gane dogon jeri mai q, "ha" tsurarta kawai take karɓa. Saboda haka kafin a cika gurbin ga mutum dubu, gara a gwada kowace manhaja da asusu ɗaya.

Suna ɗaya, rubutu da yawa

Nan ne LDAP ta yi wata dabara da ba kowa ya san da ita ba. A 1999 aka fitar da ƙa'idar liƙa alamar harshe a jikin gurbi, aka sake gyara ta a 2004 a takardar RFC 3866, wadda Kurt Zeilenga, wanda ya kafa OpenLDAP, ya rubuta. Da ita gurbi ɗaya zai ɗauki rubutu daban ga kowane harshe. Gurbin gari ana kiransa l, to sai a rubuta:

l: Zinder
l;lang-fr: Zinder
l;lang-ha: Damagaram

Ƙasashen da suka daɗe da gudanar da mulki da harsuna fiye da ɗaya su ne suka fi buƙatar wannan. A Suwizalan birni ɗaya ne Genève ga mai Faransanci, Genf ga mai Jamusanci. A Kanada dokar harsunan hukuma ta 1969 ta sa dole sunan kowane sashen gwamnatin tarayya ya kasance da Ingilishi da Faransanci. A Japan kuwa ana ganin suna a rubuce ba a san yadda ake furta shi ba, har sai da sabar kamfanin Netscape ta ƙaro alamar ajiye lafazin suna daban. Mu ma muna da irin wannan a ƙofar gida. Mutum ɗaya Aboubacar ne a takardar Yamai, Abubakar a ta Katsina. Ousmane can, Usman nan. Jami'ar da ke karɓar ɗalibai daga ɓangarorin iyaka biyu ta san wannan ciwon kai tun kafin zuwan kwamfuta.

Ƙa'idar tana da tarko. In manhaja ta nemi gurbi da alamar lang-ha, abin da ke ɗauke da wannan alamar kaɗai za a ba ta. Wanda ba a rubuta masa na Hausa ba, sai a dawo mata hannu rabbana, allon ya nuna fili babu suna. Sabar ba ta komawa wani harshe da kanta. Mai rubuta manhaja ne zai tsara cewa in babu na Hausa a ɗauko wanda ba shi da alama. Shi ya sa layin farko na misalin can sama, mara alama, bai kamata ya taɓa zama fanko ba. Akwai kuma ɗan karan da ake ƙarawa a ƙarshe, lang-ha-, wanda ke kwaso ha da ha-NG da ha-NE gaba ɗaya.

Babban cikas shi ne Active Directory ba ta karɓi wannan tsari na lang- ba. Tana da gurbin harshen da mutum ya fi so, tana kuma da wani sashe na fassarar sunayen gurabe ga masu gudanarwa, inda 409 ke nufin Ingilishin Amurka, 40C Faransanci. Lambar Hausar Nijeriya a Windows 468 ce, kuma ba ta cikin harsunan da wannan sashe ke zuwa da su. Ofishin da ke kan Active Directory, in yana son suna biyu, sai ya ƙirƙiri sabon gurbi ko ya ari wani da ba a amfani da shi. Ƙirƙirar gurbi a can kuwa ba wasa ba ce, don in an ƙara shi ba a goge shi, sai dai a dakatar da shi.

Inda ƙugiya ke maƙalewa

A ganina wannan shi ne sashen da ya fi cancantar lokacin injiniyan da ke aiki a ƙasar Hausa, tun kafin a zo maganar fassara.

Fitowa ta biyu ta LDAP, ta 1995, ba ta da wurin ɓ, ɗ, ƙ. Sai a fitowa ta uku, a Disambar 1997, aka koma UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan Unicode duka, wato babban jerin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi a kwamfuta. Tun daga lokacin sabar kanta ba ta da matsala da Ɗanjuma ko Ƙasimu. Matsalar tana kan hanya. Harafin Ɗ a UTF-8 baiti biyu ne, wato da lambobi biyu kwamfuta ke ajiye shi. In wata tsohuwar manhaja a tsakani ta karanta kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa bisa tsarin Windows na Yammacin Turai, sai Ɗanjuma ya fito ÆŠanjuma, haƙuri ya koma haÆ™uri. Duk mai karanta Hausa a intanet ya sha ganin wannan tarkacen. Mafi yawan lokuta a wurin kwaso jerin ma'aikata daga Excel zuwa kundin ake yin ɓarnar, kuma in ta shiga ta shiga, don kundin zai rarraba wa kowace manhaja gurɓataccen sunan da aminci.

Akwai kuma abin da ke tsorata sabon ma'aikaci alhali lafiya lau ne. In aka fitar da bayanan kundin a fayil na LDIF, wato irin fayil ɗin da ake kwashe bayanan kundi a cikinsa, duk sunan da ke da harafin da ba na Ingilishi ba ana naɗe shi. Ɗanjuma zai bayyana haka:

cn:: xophbmp1bWE=

Ɗigo huɗun nan bayan cn, wato gurbin suna, su ne shaidar cewa naɗewa aka yi. Wanda bai sani ba sai ya ce suna ya lalace, ya goge, ya rubuta Danjuma da hannunsa, ya lalata abin da yake daidai.

Sai bincike. Sabar da ke bin ƙa'idar LDAP ta san Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne, babba da ƙarami. Amma k da ƙ a wajenta ba su haɗa komai ba. Sakatariyar da allon rubutunta ba shi da ƙugiya, in ta buga Danjuma, ba za ta ga Ɗanjuma ba, sai ta ce babu shi a ma'aikatar. Masu manhaja suna da dabarar da suke yi wa Faransanci: Unicode na iya raba é zuwa e da alamar kanta, a jefar da alamar, a bincika da e. Dabarar ba ta ci a Hausa, domin ƙ, ɗ da ɓ ba sa rabuwa a Unicode. Ƙugiyar jikin harafin ce. Mafita mai arha ita ce gurbin cn yana karɓar rubutu fiye da ɗaya (ban da a Active Directory), sai a zuba masa Ɗanjuma da Danjuma duka don bincike, a bar mai ƙugiya shi kaɗai a gurbin displayName, wanda shi ne ake nunawa a allo.

Alamar ɗauri ta fi ƙugiya ɓoyayyen sharri. Wadda ke cikin Sa'adu, Rabi'u ko Isma'il tana iya zama ɗaya daga cikin alamomi uku masu kama da juna a ido: miƙaƙƙiyar allon rubutu, lanƙwasasshiyar da Word ke sakawa da kanta, da wadda Unicode ta ware a matsayin harafi. Ga sabar, suna uku ne daban. Ƙara da cewa abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Ba wata sabar da za ta yanke wannan hukunci. Ma'aikata ce za ta zaɓi ɗaya, ta sa manhajar shigar da bayanai ta riƙa mayar da sauran gare ta.

Jerantawa ma haka. In aka bi lambobin Unicode tsagwaronsu, Ɗ da Ƙ suna bayan Z, sai Ɗahiru ya koma ƙasan Zubairu a jerin sunaye. Rumbun CLDR na Unicode yana da ƙa'idar jerin Hausa, wadda ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Abin da ya fi sauƙi shi ne manhaja ta karɓo sunayen ta jera su da kanta da wannan ƙa'ida, maimakon ta dogara ga sabar.

Wurare biyu kuma ƙugiya ba ta shiga, gara a haƙura. Gurbin imel na LDAP haruffan Ingilishi zalla yake karɓa. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa su ma daga A zuwa Z ne kawai. Don haka sunan takardun hukuma zai ci gaba da zama a kundin kafaɗa da kafaɗa da sunan gaskiya.

Ajami fa?

Alamarsa ha-Arab, kuma kundin zai ajiye shi ba gardama. Unicode ta ƙara fa'un, ƙaf da nun na rubutun Warshu a 2016. Wahalar tana wajen nunawa: allo ya iya tafiya daga dama zuwa hagu, kuma na'urar mai karatu ta kasance da zubin haruffan.

A zuba fassarar cikin kundin, ko a bar ta waje?

Nan masana suka rabu. Wasu na ganin tunda kundin yana da saurin karantawa, yana da kwafi a kowane reshe, kuma ya iya alamar harshe, me zai hana a zuba masa har rubutun maɓallai da saƙonni? In an gyara kalma a wuri ɗaya, manhaja goma sun gyaru nan take, ba sai an sake fitar da kowace ba. Kuma ba za a samu wannan manhaja ta ce "kalmar sirri", waccan ta ce "lambar sirri" ba.

Ɗaya ɓangaren suna cewa an ɗora wa kundin kayan da ba nasa ba. Kayan aikin masu fassara an gina su ne kan fayiloli, inda ake ganin wanda ya canza me, a kuma koma baya in an yi kuskure. Rubutun fuska yana tafiya da fitowar manhaja: sabuwa ta ƙara maɓalli, tsohuwa ba ta da shi, kundi ɗaya kuma zai yi wa duka biyun hidima. In hanyar sadarwa ta yanke, abin da ba baƙo ba ne a reshen da ke nesa da hedikwata, manhajar ba za ta iya ko rubuta "an samu matsala" ba, tunda jimlar tana can cikin sabar da ta kasa kaiwa gare ta.

Nahawu ma yana goyon bayan ɓangare na biyu. Jimla ba suna ba ce da za a ajiye ta a sandare. A CLDR Hausa tana da siga biyu ta adadi, tilo da jam'i, Larabci yana da shida, kuma tsarin fassara na fayiloli ya san yadda zai zaɓa. Ga kuma abin da Ingilishi bai damu da shi ba: "ka shiga" ko "kin shiga"? Tsarin inetOrgPerson ba shi da gurbin jinsi sam. Mai fassara nagari yakan kauce da "an shiga", ko ya yi amfani da "ku" na girmamawa, wanda ya fi a ce wa Hajiya shugabar sashe "ka yi kuskure" da safiyar Litinin.

Ni ina tare da na biyun, da sharaɗi guda. Sunayen sassa, muƙamai da rassa, irin su "Sashen Kuɗi" ko "Magatakarda", bayanan ma'aikata ne, kuma kundin ne gidansu da dukkan harsunansu. Jimloli su zauna tare da manhaja.

Me zai canza ga ma'aikaci da ɗalibi?

In an yi aikin da kyau, abin da mutum zai fara gani shi ne sunansa daidai a allo, a katin shaida da takardar albashi. Masinja, direba ko mai gadi da ke cikin kundin amma Turanci bai zauna masa ba, zai samu saƙon hutu ko na canza kalmar sirri da harshen da yake ji, ba sai ya miƙa wa wani wayarsa ya karanta masa ba. Wannan ma tsaro ne, don ta irin wannan miƙa waya kalmar sirri ke fita.

Akwai abin lura. Harshen mutum yakan nuna ƙabilarsa, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa asalin ƙabila cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. A kundi da yawa kowane ma'aikaci na iya karanta guraben abokan aikinsa. Bincike ɗaya zai fitar da jerin duk masu "ha" ko "ig" ko "yo" a ma'aikata. Ya kamata a taƙaita masu ganin gurbin, kuma mutum ya cika shi da kansa. Kada ofishin ma'aikata ya duba suna ko jihar asali ya yanke masa. Akwai Bahaushen da ya fi son manhajar lissafi da Turanci don da shi ya koyi aikin, akwai kuma wanda ba Bahaushe ba da Hausa ta fi masa sauƙi.

Ta fuskar kuɗi, gyaran kundin shi ne mai arha: tsabtace sunaye, cika gurbi, gwada manhajoji. Mai tsadar ita ce fassara. Google Translate ta ƙara Hausa a Disambar 2013, Facebook a 2016, amma manhajar albashi ko ta rajistar ɗalibai da wani ɗan kwangila ya rubuta wa ma'aikata, babu wanda zai fassara ta sai ma'aikatar ta biya. Sau da yawa ma rubutun Turancin a cikin ƙashin manhajar aka dasa shi, sai an fara zaƙulo shi zuwa fayil kafin mai fassara ya samu abin kamawa. Saboda haka ma'aikatar da ke shirin sayen sabuwar manhaja, tun a takardar kwangila ya kamata ta rubuta cewa manhajar za ta karanta harshen mutum daga kundi, za ta karɓi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a shigarwa da bincike da bugawa, kuma za a miƙa fayil ɗin rubutun fuskarta daban don a ba masu fassara.